Cece-kucen gwajin beta: wane ƙorafi ake gyarawa, wanne ke bin wasa har kasuwa?

Tambaya: Malam, akwai wani wasan bidiyo na faɗa da gina jarumi da na daɗe ina jiran fitowarsa. Kwanan nan aka buɗe gwajinsa na beta, sai na ga baki ya rabu biyu. Wasu na cewa ba a taɓa yin kamarsa ba, wasu na cewa asarar kuɗi ne. Ni kuma ina tara kuɗi ne don in biya tun kafin ya fito. Maganar wa zan kama? Kuma da gaske ne kamfanoni na gyara abin da aka yi kuka a kai?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka tsaya ƙirga masu yabo da masu kushe, don yawansu ba zai gaya maka komai ba. Abin da za ka duba shi ne a kan me ake kukan, sannan wata nawa ya rage wasan ya fito. Wani ƙorafin ana share shi a kwana biyu. Wani ko shekara aka ba kamfanin ba zai gama da shi ba. Akwai kuma matsalar da ba za ka ji kowa ya ambata ba a lokacin gwaji, don ba a nuna wa kowa wurin da take ba, kuma sau da yawa ita ce ke sa mutum ya yi da-na-sanin kuɗinsa.

Mu fara da abin da ake ba ku a hannu. A asalin aikin manhaja, beta ita ce matakin da an gama harhaɗa komai, saura farautar kurakurai. Amma wadda manyan kamfanonin wasa ke buɗe wa jama'a ana saura wata biyu ko uku, ayyuka biyu ta fi yi: a ga ko sabobin kamfanin, wato manyan kwamfutocin da 'yan wasa ke haɗuwa a kansu ta intanet, za su ɗauki cinkoson mutane, a kuma tallata wasan. Lokacin gwajin Diablo IV a watan Maris na 2023, a Amurka har ta hanyar sayen abinci a KFC ana samun damar shiga gwajin farko. Wannan kaɗai ya ishe ka gane cewa sashen talla na da hannu dumu-dumu. Ban faɗi haka don in rage darajar gwajin ba. Ina so ne ka san cewa yankin da aka ba ka zaɓaɓɓe ne, an fi goge shi a kan sauran, kuma yawanci an yanko shi ne daga aikin tun watanni kafin ranar da ka taɓa shi.

Diablo IV ɗin nan ya cancanci a daɗe a kansa, domin kusan duk abin da kake tambaya ya faru a cikinsa. Kamfanin Blizzard ya buɗe gwajin ne a ƙarshen mako biyu: 17 zuwa 19 ga Maris ga waɗanda suka riga suka biya, sai 24 zuwa 26 ga kowa da kowa. An ba mutane babi na farko na labarin, a yankin tsaunukan ƙanƙara da ake kira Fractured Peaks, kuma jarumi ba ya wuce mataki na 25. A ranar farko babban abin da ya cika intanet shi ne dogon layin shiga. Mutum zai zauna yana kallon agogo na tsawon lokaci, ya shiga, a watso shi waje, ya koma bayan layi. An yi fushi sosai, wasu har suka ce ranar fitowa za a sha kunya. To, wannan shi ne ƙorafin da ya fi kowane ƙara, kuma shi ne mafi ƙarancin amfani gare ka mai saye. Ai don a ga inda saba za ta durƙushe aka tara mutanen. Kamfanin ya sake yin wani gwajin a 12 zuwa 14 ga Mayu, wanda ya kira Server Slam, musamman don a danne sabobin, kuma da wasan ya fito a farkon Yuni, shigar ta zo da sauƙi fiye da yadda aka yi tsoro.

Ƙorafi na biyu a kan nau'o'in jarumai ne. Masu Barbarian da Druid suka ce jarumansu ba su da ƙarfi, suna shan wahala a inda Sorcerer da Necromancer ke wucewa cikin sauƙi. A watan Afrilu Blizzard ya fitar da jerin gyare-gyaren da ya yi bisa abin da ya ji. An rage wa Barbarian ɓarnar da ake yi masa da kashi 10 cikin 100. An rage ƙarfin wasu dabarun Sorcerer. An sa ƙwarangwal ɗin da Necromancer ke tayarwa su riƙa mutuwa da wuri. An gyara tsarin kogunan ƙarƙashin ƙasa da yawa don a rage komawa da baya cikin hanyoyin da ka riga ka share, wanda shi ma an yi kuka a kansa sosai. Har salon rubutun da ke kan allo an canja, don mutane sun ce bai dace da yanayin wasan ba.

Sai ga abin da ya biyo baya. A gwajin Mayu, ƙwarangwal ɗin Necromancer suka zama ba sa jure komai, bugu kaɗan sun watse. Mutanen da suka ce an yi masa ƙarfi da yawa a Maris, da waɗanda ba su ce komai ba, duk suka taso. Tun gwajin bai ƙare ba kamfanin ya tura gyara, ya ƙara musu juriya. Ka lura da saurin: cikin ƙarshen mako guda. Dalili shi ne irin wannan abu lamba ce kawai a cikin jadawali. Wani ma'aikaci zai canja adadi, a gwada, a tura. Duk ƙorafin da ya tsaya a kan "wannan makami ya fi ƙarfi", "wancan dodo ya cika kisa", "ganima ba ta faɗowa", to daga wannan gidan yake, kuma bai kamata ya hana ka saye ko ya sa ka saye ba. Abin da ka gani a beta ba shi za ka tarar ba. A gwajin Maris ma da gangan aka ƙara yawan faɗowar manyan kayan yaƙi don mutane su ɗanɗana su, sannan aka mayar da shi daidai daga baya.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Yawancin waɗanda suka buga betar Diablo IV sun fita suna murna, kuma wasan ya yi ciniki na ban mamaki: kamfanin ya sanar da dala miliyan 666 a kwana biyar na farko. Amma a lokacin da cikakken wasan ya fito a 2023, jarumi yana kaiwa mataki na 100 ne, jama'a kuwa 25 suka gani. Irin wannan wasa rayuwarsa tana bayan an gama labari ne, lokacin da za ka yi ta maimaita koguna kana neman takobin da ya fi naka. Blizzard ya gwada wannan ɓangaren a ƙarshen 2022, amma a rufe, da zaɓaɓɓun mutane da aka hana su magana. Da jama'a suka isa can bayan fitowa, sai kukan gaskiya ya fara: kaya sun yi yawa, kowanne da dogon jerin siffofi masu ruɗarwa, mutum ya ɓata lokaci yana tantance tarkace fiye da yadda yake faɗa, ga wurin ajiya ya yi kaɗan, ga hawa mataki ya zama jan aiki. A watan Yuli na 2023 aka fitar da wani babban gyara da ya rage ƙarfin kusan kowa, fushin ya kai har shugabannin aikin suka fito kai tsaye suka amsa cewa sun yi kuskure, suka ce ba su da niyyar sake yin irinsa. Ba a sake fasalin ganimar daga tushe ba sai a zango na huɗu na sabuntawar da ake yi wa wasan bayan fitowa, a watan Mayu na 2024, kusan shekara guda bayan mutane sun biya kuɗinsu. Babu ɗaya daga cikin wannan da za ka iya hangowa daga hayaniyar Maris. Masu yabon ba ƙarya suka yi ba. Abin da suka gani suka yaba, kuma abin da suka gani ɗan kaɗan ne.

Monster Hunter Wilds na kamfanin Capcom ya koyar da wani darasin daban. An buɗe betarsa ta farko a ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba na 2024, wasan kuma ya fito ranar 28 ga Fabrairu na 2025. Ƙorafi biyu ne suka fito fili. Na farko daga tsofaffin 'yan wasan ne, waɗanda suka shafe shekaru da makami guda cikin makamai 14 na jerin wasannin Monster Hunter. Suka ce bugu ba shi da nauyi. A wasannin baya, idan ƙaton takobi ko guduma ta sauka a jikin dodo, akwai ɗan tsaiko na ƙiftawar ido da ke sa hannunka ya ji cewa ƙarfe ya haɗu da ƙashi, kuma an rage shi a Wilds. Suka kuma nuna makamai huɗu da suka ce an tauye: Lance, Switch Axe, Insect Glaive, da takobi da garkuwa. Masu Insect Glaive sun fi kowa ɗaci, don an cire musu dabarar da ke ba su damar ci gaba da shawagi a sama suna sara. A watan Disamba daraktan wasan, Yuya Tokuda, ya fito a bidiyo ya bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya, ya ce za a dawo da tsaikon bugun, a ƙarfafa makaman nan, a mayar da dabarar shawagin. Kuma an yi. Wannan misali ne mai kyau na ƙorafin da ya fito daga masu sani, aka faɗe shi dalla-dalla, aka kuma saurara.

Na biyun shi ne yadda wasan ke gudana a kwamfuta. Hotuna suka bazu na dodanni da mutane sun koma kamar an naɗe su da takarda, fuska ba hanci ba ido, saboda katin hoton kwamfutar ya kasa loda cikakkiyar surar. An yi ta raha da su. Amma a ƙarƙashin rahar akwai magana mai nauyi: har masu kwamfutoci masu tsada suna cewa wasan na sarƙewa, hoton kuma dishi-dishi. Amsar da aka riƙa bayarwa, daga kamfanin da kuma masoyansa, ita ce wannan tsohon kwafi ne, cikakken wasan ya fi shi. An sake beta ta biyu a Fabrairu, kamfanin ya faɗa tun da wuri cewa gyare-gyaren ba sa cikinta. Wasan ya fito, ya sayar da kwafi miliyan 8 a kwana uku. An samu ɗan sauƙi, amma matsalar kwamfuta ba ta tafi ba. Zuwa tsakiyar 2025 sababbin ra'ayoyin masu saye a Steam, shagon intanet da ake sayen wasannin kwamfuta, sun faɗi zuwa mafi munin matsayi, kuma rashin gudana da kyau na kan gaba a dalilan.

Alamun suna nan tun farko ga mai lura. Bayanin da Capcom ya fitar na irin kwamfutar da ake buƙata ya nuna cewa ko a matsakaicin saiti, sai an kunna fasahar ƙirƙiro hotunan cike gurbi kafin a samu hoto 60 a daƙiƙa. Kuma Dragon's Dogma 2, wanda kamfanin ya fitar a Maris na 2024 a kan injin manhaja iri ɗaya, ya sha irin wannan kuka. Injin da aka gina wasa a kai, da yadda yake loda faffaɗar duniya, ba lamba ba ce a jadawali. Kamar ɗinkin Sallah ne da ka je gwadawa wurin tela ana saura kwana uku: zai iya rage maka hannu, ya saki wuya, ya canja maɓalli, amma yadin da yankan sun riga sun zauna. Don haka duk lokacin da ka ji an ce "tsohon kwafi ne", ka tambayi kanka ko abin da ake kuka a kai hannun riga ne ko yadi. Masu jiran Anthem na BioWare sun ji irin wannan magana a Janairun 2019, lokacin da allon lodi ke maƙalewa a kashi 95 a gwajin da aka yi ana saura ƙasa da wata guda. Wasan ya fito a Fabrairu da tarin matsaloli, kuma a Fabrairun 2021 aka sanar da dakatar da aikin sake gina shi.

Za ka iya cewa to ashe ba a taɓa canja babban abu saboda ra'ayin jama'a ba. Ana yi, idan an tambaye su da wuri. Misalin da na fi girmamawa shi ne Nioh na Team Ninja. Sun saki gwajin farko a ƙarshen Afrilun 2016, na biyu a ƙarshen Agusta, wasan kuma bai fito ba sai Fabrairun 2017. Wata tara ke nan da ɗoriya tsakanin gwajin farko da fitowa. Sun raba takardar tambayoyi, suka wallafa sakamakon, suka jera abin da za su canja. A gwajin farko makamai da sulke suna lalacewa da amfani har su karye, mutane suka ƙi abin, aka cire tsarin gaba ɗaya, aka maye gurbinsa da wanda makami ke ƙara kyau gwargwadon yadda ka saba da shi. An gyara kyamara da yadda ake kulle ido a kan abokin gaba. An sassauta hukuncin da ke biyo bayan ƙarewar numfashin jarumi. An ƙara wurin koyon faɗa.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da suka ƙi canjawa. Mutane da yawa sun ce wasan ya yi tsanani, kuma 'yan wasan Japan sun fi na Turai da Amurka kokawa da hakan. Kamfanin bai mayar da shi mai sauƙi ba. Ya raba wahala gida biyu: wadda ke zuwa daga rashin adalci ko rashin bayani, ya gyara ta, da wadda ita ce ruhin wasan, ya bar ta. A nan ne ake gane ƙwararrun masu ƙira. Ɗan wasa ya fi kowa sanin inda ke yi masa ciwo, amma maganin da yake rubutawa sau da yawa ba shi ne daidai ba. Wanda ya ce a rage ƙarfin dodo, wataƙila ainihin damuwarsa ita ce kyamara ta ɓoye masa hannun dodon. Saboda haka idan kamfani bai bi abin da aka nema kalma da kalma ba, ba lallai ne ya zama ya yi kunnen uwar shegu ba. Ka duba ko ya gane ciwon.

Sai batun su wane ne ke maganar. Wanda ya buga ya ji daɗi daidai gwargwado yakan kashe na'urarsa ya kwanta, ba ya rubuta komai. Masu rubutu su ne waɗanda abin ya ɗauke su ƙwarai da waɗanda ya ɓata wa rai ƙwarai, shi ya sa kake ganin baki biyu kawai. Wanda ya riga ya biya yana da dalilin kare kuɗinsa ko bai sani ba. Mai tashar YouTube kuma take mai zafi ne ke kawo masa masu kallo. Kamfanin shi ba da wannan kaɗai yake aiki ba, yana da alƙaluman da wasan ke aiko masa: inda aka fi mutuwa, makamin da aka yi watsi da shi, daidai wurin da mutane ke fita ba su dawo ba. Kai da ba ka da waɗannan, ka nemi mutumin da ya faɗi na'urar da ya yi amfani da ita, jarumin da ya ɗauka, inda ya kai, da takamaiman abin da ya faru. Ra'ayi ɗaya irin wannan ya fi ɗari masu cewa "ya haɗu" ko "shirme ne". Ka fi ba da nauyi ga wanda na'urarsa irin taka ce. Kukan masu kwamfuta a kan Wilds, alal misali, bai shafi mai PlayStation 5 daidai da yadda ya shafe su ba.

Akwai kuma abin da ya shafe mu nan wanda masu sharhin waje ba za su gaya maka ba, domin ba damuwarsu ba ce. Diablo IV ba ya buɗewa sai da intanet, ko da kai kaɗai za ka buga. Idan wasan da kake jira irin wannan ne, to jinkirin da ke tsakanin danna maɓalli da motsin jarumi zai dogara ne da netwok ɗinka da nisan sabar da ta karɓe ka, wadda sau da yawa tana wata nahiyar. A wasan da kauce wa sara ke buƙatar daidaiton ƙiftawar ido, wannan jinkirin na iya lalata komai. A nan beta tana da amfanin da babu sharhin da zai maye gurbinsa: idan kyauta ce kuma kana da datar sauke ta, ka gwada da kanka, a layinka, a lokacin da ka saba wasa. Sai dai ka duba girmanta tukuna, don irin waɗannan sukan ci gigabait masu yawa, kuma yawanci ba a ɗora cikakken wasan a kanta, sabon saukewa za ka yi, ga gyaran ranar farko a sama.

Game da biya kafin fitowa, shawarata ita ce ka riƙe kuɗinka. Manyan wasanni da yawa dala 70 ne, ka san abin da hakan ke nufi in an juya shi zuwa naira ko sefa, kuma kwafin da ake saukewa ta intanet ba ya ƙarewa a kanti balle ka ce za a rigaye ka. Abin da ake ba masu biya da wuri yawanci kayan ado ne ko shiga kwana kaɗan kafin sauran. Idan a Steam kake saye, ƙa'idarsu tana ba ka damar neman a mayar maka da kuɗi cikin kwana 14 muddin ba ka buga sama da awa 2 ba, wanda ya isa ka ga ko kwamfutarka za ta ɗauka, amma bai isa ka ga ƙarshen wasan ba. A shagon PlayStation kuwa da zarar ka fara saukewa, yawanci damar mayarwa ta wuce, sai in kayan ne ke da aibi.

Ka koma kan cece-kucen wasan naka da wannan ido. In kukan na layin shiga ne da ƙarfin makamai, kuma kamfanin ya fito ya jera abin da zai gyara da sunansa, wannan alama ce mai kyau. In kukan na sarƙewa ne a irin na'urarka, ko mutane na cewa faɗan kansa ba daɗi, ko an gaji da maimaici tun a 'yan awannin gwaji, ga shi kuma saura wata ɗaya ko biyu, to ka ɗauka haka zai fito. Ko da kuwa kowa yabo yake yi, ka bar shi ya yi mako biyu zuwa uku a kasuwa, lokacin da masu saurin wasa suka gama labarin suka shiga ɓangaren da ba a nuna a beta ba, ka ji abin da suke cewa, sannan ka biya.